Wasiƙar Godiya ga Kamfanin da ke Kwashe Sharar Kasuwa Yana Mai da Ita Taki

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan takarda ma'aikatan tsaftar muhalli ne da malaman gona masu hulɗa da masu lambu a cikin birni. Mun ga ya dace mu yi godiyar nan a bainar jama'a, domin aikinku ba ya fitowa fili sai ranar da aka wayi gari ba a yi shi ba, kuma yabon gwani ya zama dole.

Kowa ya san halin da aka shiga tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris, 2020. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar kaɗai an yi asarar kashi 8.8 cikin ɗari na sa'o'in aiki, daidai da guraben aiki miliyan 255. Masu ƙananan shaguna da gidajen abinci su suka fi jin jiki. Da aka sassauta kulle suka buɗe ƙofa da bashi a wuyansu, ga shara ta ƙaru, ga ta sauya kama: takunkumin fuska, safar hannu, robobin zuba abinci da leda ba adadi. A wannan yanayi kuka ƙi bin hanya mai sauƙi ta kwashe komai a jibge a juji, kuka zauna da 'yan kasuwa kuka tsara rarrabe shara tun daga bakin shago.

Nan ne aikin yake lalacewa a hannun mafi yawan masu gwada shi. Idan ragowar abinci ta haɗu da kwali da roba a mazubi ɗaya, kwalin ya jiƙe ya rasa mai saye, robar ta yi maiƙo, abincin kuma ya cika da gutsattsarin leda da kwalba. Ku kuwa kun ba kowane shago bokiti mai murfi na ragowar abinci da ɓawon kayan lambu, buhu na busasshen kwali da robobi, da wani mazubi dabam na abin da ba ya sake amfani. Kuna kwashe bokitin kullum kuna barin wankakke a madadinsa, domin a lokacin zafi kwana biyu sun isa ƙuda ya yi ƙwai tsutsa ta fito, kuma daga ranar da mai shago ya ga tsutsa a ƙofarsa ya fita daga tsarin ke nan. Haka nan kun koya wa yaran shago duba lambar da ke gindin roba: 1 ta gorar ruwa, 2 ta jarka, 5 ta yawancin robobin abinci, sannan a ware mai lamba 3, don kaɗan daga cikinta kan ɓata tulin mai lamba 1 idan an narka su tare.

Takunkumin fuska ya yaudari mutane da yawa saboda ya yi kama da takarda. Roba ce, da siririyar waya a wurin hanci, ba ya ruɓewa, kuma idan ya shiga magudanar ruwa toshe ta yake yi. Kun hana a jefa shi cikin bokitin taki, kuka sa a ɗaure shi a leda a ajiye kwana uku kafin ma'aikaci ya taɓa.

Abin da ya fi burge mu, a matsayinmu na masu wannan sana'a, shi ne yadda kuke haɗa takin da awo. Ragowar abinci tana da ruwa da sinadarin nayitirojin da yawa. Idan aka tara ta ita kaɗai sai ta danƙare, iska ta kasa shiga, ta fara fitar da iskar mitan, wadda a tsawon shekara ɗari ta ninka iskar kabon wajen ɗumama duniya kusan sau 28. Shi ya sa kuke zuba awo biyu zuwa uku na busasshen ganye, dusar katako ko yagaggen kwali mai maiƙo a kan kowane awo ɗaya na ɗanyen kaya, don a kusanci kabon kashi 25 zuwa 30 a kan nayitirojin kashi 1. Ana daddatsa manyan ɓawo kada su wuce santimita biyar. Tulin kuwa tsayinsa mita ɗaya da rabi, faɗinsa kamar mita biyu. Wanda bai kai mita ɗaya ta kowane ɓangare ba ba ya riƙe zafi, wanda ya yi tsayi fiye da kima kuma nauyinsa yana danne ƙasan ya hana shi iska.

Laima ita ce ke wahalar da sabon ma'aikaci. Ana son ta tsaya tsakanin kashi 50 da 60 cikin ɗari, kuma mun ga kun koya musu gwajin hannu: a damƙi takin a matse, idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ya yi daidai, idan ruwa ya zubo a ƙara busasshen kaya, idan ya warwatse a yayyafa ruwa. Hanci ma ma'auni ne. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin ruwa ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sai a juya a ƙara dusa. Wari mai hawa kai irin na fitsari yana nufin ɗanyen kaya ya rinjaya, nayitirojin yana tserewa sama, wato amfanin takin ne ke tafiya. Tulin da ya ƙi yin zafi kuwa ko ya bushe ne, ko busasshen kayan ya yi yawa.

Mun duba littafin da kuke rubuta zafin kowane tuli, mun kuma yaba. Ana soka dogon ma'aunin zafi har tsakiya kowace safiya. Ƙa'idar da aka sani ga tulin da ake juyawa ita ce ya riƙe digiri 55 na ma'aunin Celsius ko sama na kwana 15, a juya shi sau biyar a cikin kwanakin, ta yadda abin da ke gefe zai shiga tsakiya ya sha nasa zafin. Da haka ƙwayoyin cuta da irin ciyawa ke mutuwa. Idan ya haura digiri 70 kuna buɗe shi, don zafin ya fara kashe ƙananan halittun da ke yin aikin. Bayan ya huce kuna barinsa aƙalla wata guda ya nuna, ku tankaɗe da rariya mai ƙofa santimita ɗaya, ku shuka iri a ɗan kasko ku ga ko zai tsiro. Masu gaggawar sayarwa wannan matakin suke tsallakewa, ɗanyen taki kuma ƙone saiwa yake yi, ya sa ganye ya yi rawaya, manomi ya ɗora wa iri laifi. Dabarar shimfiɗa siminti mai ɗan gangare da ramin tara ruwan da ke tsatsafowa, da rufe tuli da tamfol lokacin ruwan sama, ita ta sa maƙwabtanku ba sa kuka da wari.

Ga wani abu da ba kowa zai lura da shi ba. A lokacin da tsoro ya sa ana fesa kulorin a kan komai, har kan mutane da tituna, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi, ku kun tsaya a kan ma'auni: kashi 0.1 cikin ɗari don goge hannun baro da murfin mazubi, wato awo ɗaya na bilic mai ƙarfin kashi 5 a cikin awo 49 na ruwa, a haɗa sabo kullum, a fara wanke wurin da sabulu, a bar shi ya yi minti ɗaya kafin a goge. Bokitin taki kuma a ɗauraye shi sosai kafin a mayar.

Muna kuma gode muku da faɗin gaskiya a jikin buhu. Lokacin da takin zamani ya yi tsada a 2021 da 2022, da kun ce naku zai maye gurbinsa da an saya. Amma kun rubuta cewa nayitirojin ɗinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, alhali yuriya tana da kashi 46, kuma amfaninsa shi ne gyara jikin ƙasa ta riƙe ruwa. Masu lambu sun san abin da suka saya.

Ta fuskar 'yan kasuwa, rangwamen kuɗin kwasa da kuke yi wa shagon da ya rarrabe shararsa da kyau ya fi kowace lacca tasiri. Ɗaukar masu tsintar bola aiki, waɗanda kulle ya raba da abin yi, da ba su takalmin roba, safar hannu mai kauri da allurar rigakafin tetanus, shi ma abin a yaba ne, don babu wanda ya kai su sanin roba da ƙarfe.

Roƙonmu biyu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓacin da ta ayyana kan korona tun ranar 5 ga Mayu, 2023, kuma mun lura wuraren wanke hannu da dama an bar su sun bushe. Muna fata naku na bakin filin taki zai ci gaba da samun ruwa da sabulu. Na biyu, ku tanadi akwati dabam na batura da fasassun ƙwayayen lantarki, domin batir ɗaya da ya fashe a cikin tuli zai iya sa masa ƙarfe mai guba da rariya ba ta cirewa.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi.

Naku,
Ma'aikatan tsaftar muhalli da malaman gona masu hulɗa da ku