Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Landan

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sake yi maka barka da ƙaruwar da aka samu. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Na karanta saƙonka, inda ka ce ranka ya ɗan sosu ranar walimar suna, lokacin da maƙwabcinka Bature ya dubi farantan shinkafa da soyayyen naman rago da aka jera har bakin ƙofa, ya ce maka, "You really pushed the boat out." Ka ɗauka habaici yake yi maka cewa ka yi almubazzaranci, alhali kuwa yaba maka ya yi.

Mutanen Ingila suna faɗin wannan magana ne idan mutum ya saki hannu fiye da yadda ya saba saboda wani sha'ani na farin ciki, kamar ɗaurin aure ko haihuwa ko kammala karatu. Sharaɗinta shi ne a samu dalili, kuma abin ya kasance na lokaci guda. Wanda kullum yake facaka da dukiya ba a faɗa masa ita. Shi wannan, cewa ake yi "he spends money like water", wato yana ɓarin kuɗi kamar ruwa, kuma a nan ne zargin yake. Da ita maƙwabcinka ya yi amfani, da sai in ce kana da hujjar ɓacin rai.

Kalmomin "push the boat out" su kansu tura kwalekwale cikin ruwa suke nufi. A farkon ƙarni na 20 ma'aikatan jiragen ruwan Birtaniya suna faɗinta ga wanda ya ɗauki nauyin biya wa abokansa abin sha, daga baya ta bazu zuwa kowace irin hidima ta karamci. Amurkawa ba su cika amfani da ita ba.

A ganina ka riƙe ta don hira da abokan aiki da maƙwabta, amma kada ka saka ta a takardar ofis, domin magana ce ta raha. In an sake faɗa maka, murmushi da godiya sun wadatar.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Naka amini.