Gaisuwa zuwa Jamus, da maganar autanmu

Mutumina,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ya sanyi, ya amarya? Ko ita ta ƙwace wayar ne muka ji ka shiru haka? Hajiya tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko maganin gwiwar nata a ƙafa yake tahowa.

Autanmu ne ya hana ni barci. Ya ɗauki lambarsa ta NIN ya ba wani abokinsa ya yi rajistar layi, wai zumunci. Na zaunar da shi na ce, duk ɓarnar da aka yi da layin nan, ƙofarmu za a fara ƙwanƙwasawa. Na tuna masa yarinyar nan 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a nan Kano a Disambar 2021, ya kashe ta, kuma bai fasa neman naira miliyan 6 ba. Layin da yake kira da shi jami'an tsaro suka bi har ya shiga hannu, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Ina magana yaron yana murmushi, irin naka idan Baba yana faɗa.

Na can wajenku ma ya fi ba ni mamaki. Ɗalibar da aka kashe a Freiburg a 2016, a bakin kogin Dreisam. Wanda aka kama da laifin ya ƙi faɗar lambar buɗe iPhone ɗinsa, sai da wani kamfani a Munich ya buɗe ta. Manhajar nan mai ƙirga taku ta rubuta cewa ya hau bene a daren. Ina bene a bakin kogi? Ashe gangaren kogin ne, ya ja ɗalibar ya sauka, ya sake haurowa. Wani jami'i mai irin jikinsa ya ɗauki waya ya bi gangaren, ita ma ta rubuta hawan bene. Ɗaurin rai da rai aka yi wa wanda ya kashe ɗalibar a 2018. Kai dai taka wayar hutu take sha, daga gado sai kicin.

Af, mai shayin bakin layinmu ya sayi adaidaita sahu, yanzu gaisuwa ma sai da hon. Bashinka na ƙwai yana nan, ya ce bai yafe ba.

Don Allah ka kira autan ranar Juma'a, ka sa shi ya je a cire layin daga sunansa. Ni ya raina ni, amma kai yana jin maganarka tunda yana sa ran takalmi.

Naka,
abokin tsokanarka