Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum dattawa, iyaye mata da sauran 'yan ƙungiya.

Babban aikinmu a bana shi ne gonar gwaji da mai unguwa ya ara mana a bayan gari, nan ƙasar Gezawa. A cikinta muka jarraba tsarin da masu binciken IITA, wato cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suka daɗe suna gwadawa a gonarsu ta Minjibir: layi 2 na dawa, layi 4 na wake, baɗi kuma a juya. Waken ya samu rana sosai, ya fi wanda muke yafawa a ƙarƙashin dawa yin 'ya'ya.

Ranar da masu bincike da malaman gona suka zo duba gonar, su ma ba su tafi hannu rabbana ba. Suna ta auna ƙwaya, sai wani dattijonmu ya ce, "Malamai, to harawar fa?" Irin waken nan mai saurin nuna harawarsa kaɗan ce, mu kuwa da ita muke riƙe tumaki da rani, da ita ake kiwata ragon layya. Iyaye mata suka kawo nasu ma'aunin: wanne ke saurin dahuwa, wanne ke tashi a ƙosai. Masu binciken duk sun rubuta, suka kuma yi alkawarin kawo iri mai ba da ƙwaya da harawa tare. A ganinmu, wannan yini ya fi duk tarukan da muka yi a ƙarƙashin rumfa amfani.

Kan ƙuduji, sun tabbatar da maganar dattawa cewa gonar da ta gaji yake ci, taki ne maganinsa na farko. Abin da suka ƙara mana shi ne irinsa na iya haura shekara 10 a ƙasa yana jiran dawa, don haka a tuge shi kafin ya yi fure.

Ɓangaren mata sun koyar da ajiye wake a buhun PICS mai linki uku, ba tare da maganin ƙwari ba. Sharaɗin kawai waken ya bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowane linki daban.

An kuma amince a daina sare tohon gawo lokacin sharar gona, tunda da damina yake kaɗe ganye, ba ya hana amfani rana.

Baɗi muna neman masu ba da aron kunya kaɗan a gonakinsu don faɗaɗa gwajin. A ba sakatare suna kafin ruwa ya sauka, masu bashin kuɗin wata kuma su ga ma'aji.