Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Sana'ar Sabulun Ƙamshi

Agege, Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya ke 'yata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya ke da maigidanki da yara, kamar yadda muke nan lafiya. Mahaifinki yana gaishe ku, yana kuma sa muku albarka.

Ƙaninki ya kawo mini sabulai uku da kika aiko daga Ikorodu, tare da saƙonki cewa kina so ki fara fitar da su kasuwa. Na yi murna ƙwarai, domin sana'ar da na ci na sha a cikinta ce kika ɗauka. Na zaɓi in rubuta miki a takarda maimakon mu yi ta waya, saboda akwai lissafi a cikin maganar, shi kuwa lissafi idan ba a rubuta shi ba iska yake bi.

Na yi wanka da ɗaya, na ajiye ɗaya a bakin taga, na uku kuma na tsaga shi da wuƙa. Ƙamshi kam ba shi da laifi, launin ma ya yi kyau. Amma da na ɗan taɓa bakin harshena a jikinsa sai ya cije ni, cikinsa kuma na same shi da taushi har yatsa yana nutsewa, wanda na yi wanka da shi kuwa ya bar mini fata a bushe tana ƙaiƙayi. Wannan ya nuna mini cewa da gwangwani kika auna soda, wato sodar nan mai ƙuna ta haɗa sabulu (caustic soda), kuma ba ki bari sabulun ya huce ya bushe ba kika naɗe shi. Don haka ina roƙonki kada ki sayar da ko guda ɗaya daga wannan zubin.

Na san za ki ce ai kakarki, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa mallakar sikeli ba, kuma sabulun salonta har daga wasu unguwanni ake aikowa saye. Gaskiya ne, sai dai aikinta daban ne da naki. Ita ruwan toka take tacewa, ta ɗora shi a wuta da man kaɗanya, ta wuni tana tuƙawa da muciya tana dubawa, idan toka ta yi yawa ta ƙara mai, idan mai ya yi yawa ta ƙara ruwan toka, har abin ya daidaita a gaban idonta. Haka Yarabawa ma suke yin nasu baƙin sabulun da tokar ɓawon koko da ta ɓawon agade. Ke kuwa da kike haɗi da soda ba tare da dahuwa ba, da zarar kin juye a mazubi ƙofar gyara ta rufe, abin da kika zuba shi mai saye zai goga a jikinsa. Saboda haka kafin ki sake sayen turare ko takardar naɗi, ki fara sayen ƙaramin sikeli mai batir wanda yake auna giram.

Abin da gwangwani ba zai gaya miki ba shi ne kowane mai da yawan sodar da yake ci. Kilo ɗaya na manja yana cin soda wajen giram 142, man kaɗanya wajen 128, man alaidi wajen 175, man kwakwa kuwa wajen 183. Kin ga ke nan wadda ta saba da alaidi, ranar da ta musanya shi da kaɗanya ta zuba sodar da ta saba zubawa, ta yi sabulun da zai ci fatar mutum. Ga haɗin da na daɗe a kansa: manja giram 500, alaidi 300, kaɗanya 200. Lissafi ya ba da soda giram 149, amma ina rage kashi 5 cikin 100 in zuba 142, domin a bar ɗan mai da zai sanyaya fata, ruwa kuma ninki biyu na nauyin sodar, wato wajen giram 285. Manja ne yake ba sabulu jiki, alaidi ya kawo kumfa da tauri, kaɗanya kuma ta hana shi busar da fata, domin sabulun alaidi zalla ya fi dacewa da wanki a kan wanka. Wannan zubin yakan ba ni guda 12 ko 13 masu giram 100 bayan sun bushe. Idan kina son sabulu mai haske, ki nemi manjan da aka riga aka washe, ki huta da ƙona shi a gida, don hayaƙinsa yana da illa kuma yana iya kamawa da wuta.

Maganar soda kuwa ita ce ta hana ni barci tun ranar da ƙaninki ya ce a kicin kike aikin. Soda ake zubawa a cikin ruwa a hankali ana motsawa, ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, domin tana iya tafasa ta fantsamo miki a fuska. Ki sa safar hannu da tabarau, ki yi a inda iska take shiga, ki kuma kau da kanki daga tururin. Kada ki yi amfani da tukunya ko kwano ko cokali na alminiyum, soda tana cin sa, robar nan mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa su ne kayan aikinki, kuma kada su sake komawa wajen girki. Idan ta taɓa miki fata ko ido, ki yi ta kwarara ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, idan ido ne kuma ki wuce asibiti.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar yara. Ruwan soda idan ya kwanta ba shi da maraba da ruwan sha a ido, ba shi da launi, ba shi da wari, ga shi mata da yawa sun saba jiƙa shi su bar shi ya kwana a bokiti ko a gorar lemo. Yaro mai ƙishirwa ya kurɓa sau ɗaya, sai ya ƙone masa baki da hanyar abinci, wani daga nan ba zai sake haɗiyar tuwo ba sai da tiyata, wani ma sai dai haƙuri. Ke kuma gidan haya kike, tsakar gida ɗaya kuke da 'ya'yan maƙwabta. Ki samu akwati mai kwaɗo, makullin ya zauna a jikinki, kada ki taɓa zuba ruwan soda a cikin abin da aka san shi da abin sha, kuma ki riƙa haɗi a lokacin da yara suke makaranta. Idan tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, kada a sa yaro amai, kada a tsaya ɗura masa manja, a garzaya da shi asibiti nan take. Ki karanta wa maigidanki wannan sashen, shi ma ya sani.

Sai kuma abin da Legas take yi wa sabulu, wanda babu mai gaya miki sai kin yi asara. A Zariya ko Kano, musamman da hunturu, sabulu yakan yi tauri cikin sauƙi. A nan kuwa iskar teku cike take da laima, shi kuma sabulun hannu yana ɗauke da gilisarin, wanda yake jawo ruwa daga iska, shi ya sa za ki wayi gari a watan Yuni ki ga sabulunki yana gumi kamar wanda ya yi dako. Wanda na ajiye a bakin taga ma haka ya yi. Bayan kwana ɗaya ko biyu ki cire daga mazubi ki yanka, ki jera a kan katako mai ramuka da tazara a tsakaninsu, a ɗaki mai iska wanda rana ba ta dukansa, kina juya su duk bayan 'yan kwanaki. Mako huɗu shi ne mafi ƙaranci, da damina kuwa ki ba shi shida. Kada ki naɗe shi a leda kafin ya gama bushewa. Ki kula da ruwan haɗi ma, domin ruwan rijiyoyi da yawa a garin nan yana da tsatsa ko gishiri, tsatsar kuma tana sa mai ya yi saurin lalacewa, sai ki ga ɗigo-ɗigo masu ruwan goro sun fito sabulu yana warin tsohon mai.

Ni kaina na taɓa faɗawa ramin gaggawa. Wata shekara ana saura kwana goma Babbar Salla, kina ƙarama, mata suka yi ta aiko yara da kuɗi, na ga ciniki zai wuce ni, sai na naɗe sabulun da bai fi mako guda ba na sayar. Bayan Salla wata baiwar Allah da ta shekara tana saye a wurina ta shigo da 'yarta, ta yaye mata riga ta nuna mini bayanta duk ya yi ja. Ba ta zage ni ba, ba ta ma karɓi kuɗinta ba, amma ba ta sake aikowa ba, ita da matan gidansu gaba ɗaya. Tun daga ranar nake yin sabulun Ƙaramar Salla a watan Sha'aban, na Babba kuma a Shawwal, ina rubuta ranar zubi a jikin kowane katako.

Game da turare, ki nemi na mai wanda aka yi domin sabulu. Turaren fesawa yana da sifirit, yana shiga haɗi sai ya daskare miki a cikin roba kafin ki kai mazubi. Giram 30 ya isa kilo ɗaya na mai, kuma ana zuba shi ne lokacin da haɗin ya yi kaurin koko, har idan kin ɗiga shi a sama yana barin sawu. Ƙamshin lemo yana saurin gudu, sandal da miski da oud suna zama, su ne kuma matanmu suka fi so. Kanumfari da kirfa ki yi hankali da su, suna sa haɗi ya kama da wuri, kuma suna yi wa fatar wasu zafi. Ki fara da ƙamshi biyu kawai, ɗaya mai nauyi ɗaya marar nauyi. Kurkum da zuma kaɗan ba laifi, amma kada ki rubuta a takarda cewa sabulunki yana maganin wata cuta.

Akwai kuma jarrabawar da na tabbata za ta same ki tun a makon farko. Mace za ta ɗauki sabulu ta shinshina, ta rage murya ta tambaye ki ko yana sa haske. Masu sayar da kayan haɗi ma za su nuna miki ƙananan kwalabe su ce ki ɗiga kaɗan, ciniki zai ninka. Cinikin yakan ninka ɗin kuwa, ba zan ɓoye miki ba. Amma cikin irin waɗannan abubuwan bilicin akwai masu zaiba, wadda take ratsa fata ta lalata ƙoda, ta kuma cutar da ɗan da ke ciki, akwai masu sa fata ta yi siriri har rauni ya ƙi warkewa. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta hana sa zaiba a kayan kwalliya, ko da ma ba ta hana ba, kin san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ban yarda ki sa ko ɗigo ba, wannan umarni ne daga uwa, ba shawara ba.

Sayen kaya ba zai ba ki wahala ba, tunda babbar bas ɗin BRT da take tasowa daga Ikorodu tana bi ta Mile 12 da Ojota, a Ojota kuwa akwai kasuwar sinadarai inda za ki samu soda da turare da launi. Ki riƙe mutum ɗaya mai amana, ki shinshina mai kafin ki biya, domin an taɓa sayar mini da jarkar alaidi da aka gauraya da wani man, zubi biyu suka ƙi kamawa. Soda kuma ki rufe ta ruf, tana shan laima ta dunƙule, nauyinta ya ruɗe ki.

Ki fara da na kusa, wato matan Islamiyyarku da gidajen suna da biki, musamman masu haɗa kayan lefe da na rabo, sannan ki nemi masu shago a Sabo su ajiye miki. Idan za ki kasa kaya a kasuwa, ki fara zuwa wajen shugabannin kasuwar da ladabi, Iyaloja ce, wato uwar kasuwa a wajen Yarabawa, ko Sarkin Hausawa, ki biya kuɗin tikiti, ki kuma tuna cewa ranar Alhamis da safe ana tsaftar kasuwa, ba a buɗewa sai ƙarfe goma. Gaisuwar Yarabanci da kika iya tun kina yarinya a Agege jari ce, ki yi amfani da ita. Kafin sabulunki ya shiga manyan shaguna da suna a jikinsa, sai kin yi rajistar sunan sana'a a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, kin kuma samu lambar NAFDAC, don haka ki fara tara kuɗin tun yanzu, ko da ta hanyar adashi ne.

Wajen yanka farashi, ki sa kuɗin mota da na naɗi da sabulun da ya lalace da kuma wahalarki a cikin lissafi, ba mai da soda kaɗai ba. Kada ki yi gasar araha da sabulun kamfani, ba za ki iya ba. Ki ware uwar kuɗi daban da riba, kada kuɗin cefane ya shiga ciki, bashi kuma ki taƙaita shi ko ga 'yan uwa, domin kuɗinki zai riƙa kwanciya mako shida a kan katako kafin ya dawo, idan ya sake kwanciya a hannun mutane sai ki rasa na sayen mai.

Wannan zubin da ya cije, ki goge shi da magogi ki bar shi don wankin tsumma da goge ƙasa, da safar hannu. Na ba ƙaninki tsohon mazubina na katako da littafin da nake rubuta awo a ciki, zai kawo miki ranar Asabar. Ki yi kilo ɗaya kacal da haɗin da na rubuta a sama, ki rubuta ranar, idan ya cika mako shida ki aiko mini guda biyu, ko kuma ki zo da su da kanki tare da yaran, don na kwana biyu ban gan su ba.

Allah ya yi miki albarka, ya sa wa sana'ar albarka. Ki gaishe da maigidanki.

Wassalam,
Mahaifiyarki.