Faifan Parallel Lines na Blondie bai cancanci a kira shi cin amana ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in mayar da martani ga maƙalar da kuka buga a shafinku na kaɗe-kaɗen ƙasashen waje, wadda ta waiwayi makaɗan Amurka na ƙarshen shekarun 1970. Marubucin ya yi ƙoƙari ƙwarai, kuma na ji daɗin ganin an tattauna irin wannan batu da harshenmu, sai dai ya maimaita wani tsohon zargi ba tare da ya auna shi ba, wato wai ƙungiyar Blondie ta zubar da mutuncinta ranar da ta koma hannun babban kamfani ta fitar da faifan Parallel Lines a 1978, domin ta yi watsi da kiɗan punk da aka san ta da shi ta rungumi disko saboda kwaɗayin kuɗi. Na daɗe ina sauraron wannan faifai, ina kuma bibiyar tarihinsa, kuma a ganina zargin nan bai yi wa mutanen adalci ba.

Blondie ta taso ne a birnin New York a 1974, lokacin da birnin ke gab da durƙushewa saboda bashi, unguwanni da dama sun lalace, haya ta yi araha har matasa marasa abin hannu suna iya kama ɗaki su ajiye kayan kiɗa. Mawaƙiya Debbie Harry da makaɗin jita Chris Stein ne suka kafa ta, kuma inda suka fi yin wasa shi ne wani ɗan kulob mai suna CBGB a unguwar Bowery, wurin da Ramones da Television da Talking Heads da Patti Smith su ma suka yi suna. Kiɗan punk da ya fito daga wannan wuri gajere ne, mai sauri, mai kaushi, wanda bai damu da ƙwarewa ba, kuma masoyansa sun ɗauke shi a matsayin bore ga manyan taurarin rock da suka yi ƙiba suka manta da talaka. To, idan shiga hannun kamfani mai kuɗi shi ne cin amana, wa ya tsira a cikinsu? Patti Smith ta sa hannu da Arista, Television suka tafi Elektra, Ramones da Talking Heads suka shiga Sire. A Ingila ma Sex Pistols sun fara ne da EMI a 1976, The Clash kuma suka ƙulla yarjejeniya da CBS a farkon 1977. Blondie ta fara da ƙaramin kamfanin Private Stock, wanda bai iya kai faifanta na farko ko'ina ba, sai a 1977 kamfanin Chrysalis na Birtaniya ya biya kuɗi ya karɓi kwantiraginta. Abin da ta yi shi ne abin da kowa a layinta ya yi, sai dai an sa mata ido saboda ita ce ta fi samun kasuwa.

Inda maƙalarku ta fi kaucewa shi ne batun waƙar Heart of Glass, wadda marubucin ya nuna kamar kamfani ne ya ɗora musu ita. Waƙar nan ta girmi yarjejeniyar da Chrysalis. Harry da Stein sun tsara ta tun wajen 1974 zuwa 1975, suna zaune cikin talauci a New York, an ma ɗauki wani gwajinta a 1975 da sunan Once I Had a Love, kuma a tsakaninsu suna kiranta waƙar disko tun a wancan lokaci. Sun yi ta juya ta a salo daban-daban ba ta zauna ba, har sai da furodusa Mike Chapman ya tambaye su ko suna da wata tsohuwar waƙa a ajiye, suka fito masa da ita. Mutanen da ke ƙaunar kiɗan Kraftwerk na Jamus, waɗanda kuma suke rera I Feel Love ta Donna Summer a dandali a gaban masoyan punk tun kafin faifan ya fito, ba za a ce wani ɗan kasuwa ne ya koya musu son disko ba. A birninsu aka haifi wannan kiɗa, a tasi da kantuna da gidajen rawa suke jin sa dare da rana, kuma da sun yi kamar ba su ji shi ba don gudun surutun abokai, wannan ne zai zama ƙarya.

Haka nan ban yarda da cewa shigowar Chapman ta kashe ruhin ƙungiyar ba. Gaskiya ne mutumin, wanda ɗan Ostareliya ne, ya yi suna a Ingila wajen rubuta wa su Sweet da Suzi Quatro da Smokie waƙoƙin kasuwa, kuma shi da kansa bai ɓoye ba cewa ya tarar da Blondie ba ta da tsari a situdiyo. A Record Plant da ke New York, a tsakiyar 1978, ya riƙa sa su maimaita wuri ɗaya sau da yawa har rai ya ɓaci. Heart of Glass ta fi kowace waƙa cin wahala, domin a lokacin babu kwamfutar da za ta daidaita komai da danna maɓalli ɗaya. Wanda ya saurari farkon waƙar zai ji wani ƙaramin bugu siriri yana ƙyas-ƙyas shi kaɗai kafin sauran kayan kiɗa su shigo. Wannan na'urar kiɗa ce ta Roland CR-78, wadda sabuwa ce fil a lokacin, kuma a kanta aka ɗora komai. Sai da Clem Burke, makaɗin gangunansu da aka sani da zafin hannu, ya danne halinsa ya bi bugun na'urar daki-daki, aka ɗauki gangunansa kashi-kashi, babbar gangar ƙafa ita kaɗai ta cinye sa'o'i. Wanda ke neman kuɗin banza ba ya jure wannan. Horon Chapman bai canza abin da ke ransu ba, ya dai sa abin ya fito sarai yadda mai sauraro a ƙaramar rediyo zai ji shi, kamar yadda maƙeri ke wasa wuƙa ba tare da ya sauya ƙarfenta ba.

Ina kuma roƙon marubucin ya sake sauraron faifan daga farko har ƙarshe, domin waƙoƙi 12 ne a cikinsa, kuma ɗaya ce tak za a kira disko. Da ƙarar wayar tarho yake buɗewa, sai muryar Harry ta faɗo a fusace cikin Hanging on the Telephone, waƙar da suka aro daga ƙungiyar The Nerves, ba ta kai minti uku ba ta ƙare. Daga nan sai One Way or Another, wadda jitarta ke da kaushin da duk wani ɗan CBGB zai yi alfahari da shi. A Fade Away and Radiate sun gayyato Robert Fripp na King Crimson ya kaɗa jita mai ban tsoro da ba ta da alaƙa da gidan rawa. Ita kuwa Heart of Glass can aka jefa ta a gefe na biyu na faifan, ta goma a jeri, kuma ba ita aka fara fitarwa a kasuwa ba, sai a watan Janairun 1979 aka sake ta ita kaɗai, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya sannan a Amurka. Da a ce an gina faifan ne don cin kasuwar disko, da ba a ɓoye ta a wannan lungu ba.

Akwai wani abu da ya kamata mai rubutu a yau ya yi hattara da shi kafin ya ari bakin masu zagin disko na wancan zamani. Kiɗan nan ya taso ne daga gidajen rawa na baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka a New York da Philadelphia, kuma ƙiyayyar da aka nuna masa ba duka ce ta tsaya a kan kiɗa ba. Ranar 12 ga Yulin 1979, 'yan watanni bayan Heart of Glass ta yi tashe, wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya jagoranci tarwatsa tarin fayafayan disko da nakiya a filin wasa na Comiskey Park da ke Chicago, dubban matasa suka kutsa cikin filin har aka soke wasan ƙwallon baseball na biyu da aka shirya yi a daren. Daga cikin waɗanda suka yi aiki a filin a ranar akwai wanda ya ba da shaidar cewa fayafayai da yawa da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙen fata ne kawai. A irin wannan yanayi ne ƙungiyar fararen fata da ta fito daga cibiyar punk ta tsaya ta nuna tana girmama wannan kiɗa, kuma ba ta tsaya nan ba: a 1980 ta yi Call Me tare da furodusan disko Giorgio Moroder, ta sake rera The Tide Is High ta ƙungiyar The Paragons ta Jamaika, sannan a 1981 Rapture ta kai salon rap matsayi na ɗaya a Amurka, har Harry ta ambaci sunan Fab 5 Freddy, wani sananne a harkar rap ta New York, a cikinta. Wannan hali ne na mutanen da kunnensu ke buɗe ga maƙwabtansu, kuma ni ina ganin ya fi kusa da boren da punk ke taƙama da shi fiye da tsayawa a salo guda don tsoron zargi.

Ba ina cewa harkar manyan kamfanoni ba ta da illa ba ne, kuma da marubucin ya nemi inda ciwon yake da ya same shi. Hoton bangon faifan ma ya isa misali: Harry tsaye a gaba cikin farar riga, hannuwa a ƙugu, fuska a murtuke, maza biyar a bayanta cikin baƙaƙen kwat suna murmushi, bango kuma zane-zanen fari da baƙi. 'Yan ƙungiyar ba su so hoton ba, kuma yadda talla ta riƙa tura fuskar mace ɗaya gaba ya sa jama'a da yawa suka zaci Blondie sunanta ne, har sai da aka buga bajoji masu tunatar da mutane cewa Blondie ƙungiya ce. Wannan ya haifar da tsamin dangantaka a tsakaninsu. Sannan duk da miliyoyin fayafayan da aka sayar, lokacin da ƙungiyar ta watse a 1982, Stein yana kwance da wata muguwar cutar fata, shi da Harry sun tsinci kansu cikin bashin haraji da ƙuncin rayuwa, abin da suka danganta da rashin kyakkyawar kula da dukiyarsu. A nan ne ya kamata a yi kuka, a kan yadda mai waƙa ke tara wa wasu dukiya ya tashi hannu rabbana, ba a kan bugun gangar da ya zaɓa wa kansa ba.

A 2006 an shigar da Blondie zauren karrama makaɗan rock na Amurka, a 2024 kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya Parallel Lines cikin fayafayan da ake adanawa saboda muhimmancinsu ga tarihin ƙasar. Clem Burke ya rasu a watan Afrilun 2025. Ina fata za ka buga wannan wasiƙa a shafin da maƙalar ta fito, kuma idan marubucin zai sake komawa kan batun, ina ba shi shawarar ya bincika mana yadda ake rubuta kwantiragi tsakanin makaɗa da kamfanoni a wancan zamani, da kason da ke isa hannun mai waƙa daga kowane faifai da aka sayar, domin masu karatu da yawa, musamman matasan da ke shirin sa hannu a irin waɗannan takardu, za su amfana da shi.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Kaduna