Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: A Bar Wa Bututu Hanya Kafin A Yanka Gona

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina addu'ar Allah ya taya ka riƙo.

Ranka ya daɗe, ina zaune ne a bakin gari, ta wajen Kumbotso. Ranar da na sayi filina, karan dawa ne tsaye a wurin. Dillali ya zo da igiya da turaku ya yanka gonar gida-gida, ya bar mana lungun da ko kurar ɗan garuwa sai da dabara take shiga. Aka sa hannu, aka biya la'ada, kowa ya kama gini. Ba wanda ya tambayi ta ina bututun famfo zai bi, ko ina ruwan wanka da na wanke-wanke zai nufa. Har da ni, don murnar samun muhalli ta rufe mini ido.

Yau mun zama jemage, ba mu cikin tsuntsu ba mu cikin dabba. Tuƙa-tuƙa ɗaya da ta ishi ƙauyen a da ta yi mana kaɗan, famfon birni kuma ko an so kawo shi, sai an rushe katangun mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarƙashin ƙasa. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Filin awon igiya kuwa sau da yawa ƙafa 50 ne, wato kimanin mita 15. Kai injiniya ne, ba sai an yi maka lissafi ba. Ni na haƙa rijiya a tsakar gida, maƙwabcina ya haƙa shadda a bayan katangata, nasa maƙwabcin ya yi burtsatse yana sayar wa unguwa. Damina na sauka, ruwan kwata ya kwanta a lungu, ya tsuma ya gangara inda muke ɗiba. A 2021 amai da gudawa ya kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya, Kano kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Jihar nan ba ta rasa ruwa ba. Madatsar Tiga tana nan tun 1974. Matatar Tamburawa an gina ta don lita miliyan 150 a kullum, ta Watari lita miliyan 75. Amma gari yana cinye gonakin Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu da saurin da bututu ba zai kamo shi ba, kuma yankan filin yana rigan tsari isa wurin.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon ayyana inda ya zama birni, filayen karkara kuma suna hannun ƙananan hukumomi. Wannan alƙalamin a hannunka yake. Roƙona shi ne a kafa ƙa'ida mai sauƙi da dagaci da mai unguwa za su iya riƙewa a ka: kada a sa hannu a cinikin gonar da aka yanka sai an fitar da titi mai faɗin da zai ɗauki bututu da lambatu, an kuma ware wurin tankin unguwa. Hukumar tsara birane ta jiha (KNUPDA) da Hukumar Ruwa da hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara (RUWASA) su duba zanen tare, a sakatariyar ƙaramar hukuma, cikin kwanaki ƙayyadaddu kuma da kuɗi kaɗan. In takarda ta yi tsada ko ta daɗe, talaka igiyar zai koma wa.

Sannan a buga taswirar inda ake nufin kai bututu a shekaru biyar masu zuwa, a liƙa a ƙofar hakimi. Mai sayen fili ya san abin da yake saye.

Mu da muka riga muka gina, ba rusau muke gayyata ba. A turo ma'aikata su zauna da mu a ƙofar masallaci, a auna lungunan. A layinmu dai, ni zan fara ja da katangata baya.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta daga yankin Kumbotso