Tawayen Huk a Filifin: an manta da kujeru shida

Edita, assalamu alaikum.

Na karanta sharhin da kuka buga a shafin tarihin duniya kan 'yan tawayen Huk na ƙasar Filifin. Marubucin ya yi ƙoƙari, Allah Ya ƙara basira. Sai dai ya nuna kamar 'yan kwaminis ne kawai suka hure wa manoma kunne, daga baya sakataren tsaron ƙasar, Ramon Magsaysay, da Amurkawa suka zo suka murƙushe su. A ganina ya tsallake tsakiyar labarin, kuma nan ne maganar take.

An kafa ƙungiyar Hukbalahap, wato Huk a taƙaice, a watan Maris na 1942 domin yaƙar sojojin Japan da suka mamaye ƙasar. Jagoranta Luis Taruc ɗan manoma ne daga lardin Pampanga, kuma mafi yawan mayaƙansa manoman shinkafa ne na tsakiyar tsibirin Luzon waɗanda ba su mallaki ko taki ɗaya na ƙasar da suke nomawa ba. Mutum ya yi shuka, ya yi girbi, a raba biyu da mai gona, sannan a cire bashin da ya ci tun kafin kaka, da ruwansa. Abin da ya rage ba ya kai shi baɗi. Lokacin yaƙi masu gonaki da yawa sun gudu Manila, Huk suka riƙe ƙauyuka daga maɓoyarsu ta dutsen Arayat da fadamar Candaba. Manomi ya ɗanɗani cin guminsa.

To me ya faru da aka fara korar sojojin Japan daga Luzon? Sojojin Amurka suka ƙwace makaman Huk, suka tsare Taruc. A garin Malolos, cikin Fabrairun 1945, aka kashe mayaƙansu sama da ɗari bayan an raba su da bindigoginsu. Duk da haka mutanen nan ba daji suka nufa ba, akwatin zaɓe suka nufa. A zaɓen Afrilun 1946 gamayyarsu ta Democratic Alliance ta ci kujeru shida a majalisar wakilai, har da ta Taruc. Gwamnatin shugaban ƙasa Manuel Roxas ta hana su zama, wai an yi wa masu zaɓe barazana. Amma kowa ya san Roxas na neman kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un majalisa don gyara tsarin mulki, a bai wa Amurkawa dama daidai da 'yan ƙasa wajen cin albarkatun Filifin, kuma waɗannan shida ba za su yarda ba. A watan Agusta aka sace Juan Feleo, shugaban manoma da ke shiga tsakani, aka kashe shi. Sai bayan wannan Taruc ya koma duwatsu. Tura ce ta kai bango.

Ba wanke su nake yi ba, Edita. A Afrilun 1949 mayaƙan Huk sun yi wa ayarin Aurora Quezon, matar tsohon shugaban ƙasa, kwanton ɓauna suka kashe ta da 'yarta. Wannan ta'asa ce, kuma ta zubar musu da mutunci a idon jama'a. Shugabannin jam'iyyar kwaminis da ke jan ragamar Huk ma sun yi gaggawa, suna ganin mulki ya kusa zuwa hannu, alhali manomin da ke ɗauke da bindiga babban burinsa a ƙara masa kason shinkafa, a daina dukansa.

Shi kuwa Magsaysay, da ya zama sakataren tsaro a 1950, ba ƙarfin bindiga kaɗai ya gwada ba. An kama shugabannin jam'iyyar a Manila a watan Oktoban shekarar, gaskiya ne. Amma ya kori hafsoshi marasa gaskiya, ya tsawatar wa sojoji kan ƙwace kajin ƙauyawa, ya ce duk mai ƙorafi ya aiko masa da saƙon telegiram a kan kuɗi kaɗan, ya sa sojoji suka tsare zaɓen 1951. Ya kuma yi alkawarin gona a tsibirin Mindanao ga wanda ya ajiye makami. Tsofaffin Huk da suka samu gonakin 'yan ɗaruruwa ne kawai, amma labarin ya zaga ko'ina, ya kashe wa tawayen gwiwa. A Mayun 1954 Taruc ya miƙa wuya ta hannun wani matashin ɗan jarida, Benigno Aquino Jr.

Gonakin Luzon dai sun ci gaba da zama a hannun masu su. A 1969, a lardin Tarlac, wani kwamandan Huk mai suna Bernabe Buscayno ya haɗa kai da sababbin 'yan kwaminis suka kafa rundunar New People's Army, a ranar 29 ga Maris, ranar da aka kafa Hukbalahap shekara 27 kafin nan.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani malamin tarihi mai ritaya